Makullin Gidanmu a Fim ɗin Takwara

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara duka. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu, ya kare ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Gwiwar mahaifiyarka ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har ta koma hawa bene tana shanya, abin da likita ya hana ta, kuma ka san ba mai iya faɗa mata ta ji. Ƙanwarka Auta ta zo mana kwana uku da jaririnta. Yaro ya yi ɓul-ɓul, ya fara haƙori, duk abin da ya kama sai baki. Ni kuwa idona na hagu ne yake ɗan yi mini dishi-dishi da rana tsaka, amma sabon tabarau ya taimaka, shi ya sa za ka ga rubutun nan ya fi na bara miƙewa.

Bayan haka, na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira ka, saboda ranar da ka kira, mako uku ke nan, ban samu na sa baki ba. Ka ce a goge hoton nan daga kowace waya, ka ce da zarar an gama zangon karatu 'yarka Takwara ta haɗa kayanta ta taho wurinka ka sama mata wani karatun, maganar fim ta ƙare. Ban ga laifinka ba. Duk ɗan da ya ga makullin gidan ubansa yana yawo a wayoyin mutane, haka zai yi. Amma rabin labarin ka ji, kuma takarda ba a katse ta. Tun da Allah ya sa na shiga ajin yamma ina da shekara hamsin da biyu na koyi riƙe alƙalami, ban taɓa jin amfaninsa kamar yau ba, domin ina da labari mai tsawo, kuma ina cikin farin cikin da ya fi ƙarfin waya. Ka daure ka karanta har ƙarshe, sannan ka yanke abin da ka ga ya dace.

Abin ya faro ne wata uku da suka wuce. Takwara ta zo shago da wani ƙaramin littafi, ta ja kujerar masu jira ta zauna, ta ce kada in kula ta, kallo ta zo yi. Kwana biyu tana haka. Na ce mata in dai so ne ya kawo ta to ta faɗa, tsohon angonta bai ƙi ba. Ta ce wa zai so tsoho mai warin man inji, ita aikin makaranta ya kawo ta. An ba kowane ɗalibi a sashensu na koyon aikin jarida da fim ya shirya ɗan tallan fim, irin gajeren nan da ake nunawa tun fim bai fito ba don a ja ran mutane. Somin-taɓi suke ce masa, kuma kada ya wuce minti ɗaya. Na tambaye ta ina fim ɗin da za a yi wa tallan, ta ce babu. Na ce yaushe za a yi shi, ta ce ba za a yi ba, tallan kaɗai ake so. Wallahi, Injiniya, na daɗe ina juya wannan magana a raina. Shekara arba'in da ɗaya ina yanka makulli, ba a taɓa cewa in yanka wa ƙofar da ba a gina ba. Ta yi dariya, ta ce ai gwanintar ke nan, a sa mutum ya yarda akwai ƙofar, har ya matsu ya ga abin da ke bayanta.

Rana ta uku ta zo da wata faffaɗar takarda da aka raba gida-gida har goma sha biyu, kowane gida da ɗan zane a ciki, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana yi mini bayani. Wani hannu zai ajiye makulli a kan teburin tsoho mai yankan makulli don a yi masa irinsa. Tsoho zai ɗaura shi a inji, ya kunna, sai ya tsaya cak. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin gidansa, ya jera su biyu. Haƙoransu iri ɗaya. Ya ɗaga kai, babu kowa a bakin shago. Sai allo ya yi baƙi ƙirin, sunan fim ya fito. Iyakar abin ke nan. Ina gaya maka tsigar jikina sai da ta tashi, alhali zane ne kawai a takarda, kuma tsohon da ta zana bai yi kama da ni ba ko kaɗan, kunnuwansa kamar na tulu. Na tambaye ta wa ya kawo makullin. Ta ce ba ta sani ba. Na ce ke da kika ƙirƙiro labarin? Ta ce ita aikinta ya tsaya ne a kan tambaya, amsar tana cikin fim, fim kuwa babu shi. Tun daga ranar wannan tambaya ta zauna mini a rai, ko ina aiki sai in tsinci kaina ina tunaninta.

Ɗaukar hoton kwana uku ta ci, don abin da bai kai minti ɗaya ba. Ta zo da ƙawayen karatunta biyu, da kyamara mai ƙafa uku da suka aro daga makaranta. Sun juya mini shago ciki waje. Allon da nake rataye makullai marasa haƙora suka matsar da shi bayana, wai don ya riƙa ƙyalli. Ɗaya ta riƙe farin kwali a bakin ƙofa tana karkato hasken rana zuwa fuskata, kuma abin mamaki, da ta ɗan motsa shi sai in tsufa ko in yi ƙuruciya a cikin kyamara. Ƙarar inji daban suka ɗauka, ƙarar ajiye makulli a kan tebur ma daban, sau tara, don Takwara ta ce na takwas ɗin farko ba su da nauyi. Hannun baƙon kuwa na maƙwabcina mai aski ne, aka ja masa hannun riga har wuyan hannu, aka ce kada ya yi magana, wanda shi ne abu mafi wuya da aka taɓa nema a wurinsa. Ni nawa aikin ɗaga kai ne kawai. Sau goma sha huɗu na ɗaga. Na zare ido, ta ce ya yi yawa. Na buɗe baki, ta ce kamar an taka mini ƙafa. Ta ce Kaka, don Allah ka daina wasan kwaikwayo. Na ce to me kika kira ni in yi? Ana cikin haka wani mai neman aiki na gaske ya leƙo, ya ga kyamara ya juya, ni kuma na ɗaga kai ina neman inda ya bi. Wannan ɗin ta ɗauka. Fuskar da ka gani a waya, wadda ta tsorata ka, fuskar mutumin da ciniki ya kuɓuce wa ce.

Yanzu ga wurin da nake so ka karanta sau biyu. Takwara ba ta zo da niyyar nuna makullin gidanmu ba. Ta zo da waɗansu makullai biyu da ta samo a akwatin kayan wasa na makarantarsu, sababbi fil, irin na akwatin ƙarfe. Da na duba su na ga haƙoransu ma ba ɗaya ba ne, na uku a ɗayan ya fi zurfi. Na ce ba za a ɗauki hannuna riƙe da wannan abin kunya ba, duk mai sana'ar da ya gani zai yi mini dariya, kuma makullin gida yakan yi santsi a kai saboda shekarun da ya yi a aljihu. Na ciro namu na ƙofar waje, na yanka irinsa nan take. Ta tambaye ni ko babu damuwa, na ce babu. Ta sake tambaya da za ta matso da kyamara kusa, na ce ta yi aikinta ta bar ni da nawa. Daƙiƙa huɗu makullan nan suka yi a allo, sun cika shi fal, kowane haƙori a bayyane. Ni da nake hana mutane ajiye makullinsu a kan tebur a gaban baƙo, ni na yi wannan. Son a ce na iya ne ya rufe mini ido.

Da suka koma haɗa hoton na nace sai na je na gani, ta kai ni wani ɗaki a makarantarsu mai kwamfutoci jere da labule mai kauri. A nan na ga abin da har yau nake mamakinsa. Duk abin da aka ɗauka kwana uku yana kwance a ƙasan allo kamar dogon zare, tana yanka tana jonawa. Na farko da ta haɗa ya kai minti biyu, har da muryar da ke bayanin wane ne tsohon da abin da yake tsoro. Ta kalla, ta ce wannan ya ƙosar da mai kallo tun bai zauna cin abinci ba, ta cire muryar gaba ɗaya, ta yi ta ragewa har ya dawo daƙiƙa hamsin da biyu. Sai ta ce bari ta nuna mini wani abu. Ta ɗauki fuskata ɗin nan ta sa ta bayan hoton jaririn Auta, sai ga ni ina kallon jikana da tausayi. Ta mayar da ita bayan makullan, sai ga ni a firgice. Fuska ɗaya, ba a taɓa ta ba. Na ce ta maimaita, ta maimaita sau uku. Na tambaye ta to a ina tsoron yake, tun da ba a fuskata yake ba. Ta ce a kan mai kallo yake, ita dai tana jera masa abubuwa ne, shi yake ƙarasawa. Na koma gida ina tunanin sau nawa a rayuwata na karanta fuskar mutum da abin da na gani kafin in gan shi.

Laifi na biyu ma nawa ne. Na roƙe ta ta sa mini tallan a wayata, ta sa, tare da gargaɗin kada in tura wa kowa sai malaminsu ya duba. Ban tura ba, amma na nuna wa mai aski, tun da hannunsa na ciki. Shi kuma ya ce in ba shi wayar ya gani da kyau a inuwa. Kafin la'asar ya tura wa duk wanda ya taɓa yi wa aski. A hanya wani ya yanke ƙarshen, inda sunan fim da na makaranta suke, shi ya sa ya iso maka kamar abin da ya faru da gaske.

Kwana biyu bayan nan muna cin abincin rana ni da mahaifiyarka, ƙofar waje a kulle, sai muka ji kubar ƙofar ta juya sau biyu, aka yi sallama daga cikin gida. Ka tuna Goga, mai yankan makulli na bakin tasha, wanda muka koyi sana'a a hannun maigida ɗaya, muka shekara arba'in muna gardamar wa ya fi wani? Shi ne tsaye a tsakar gida, yana kaɗa sabon makulli a yatsa. Ya ce ya tsayar da hoton ne a wayarsa, ya ƙirga haƙora biyar, ya yanka cikin minti shida, kuma da gwaji ɗaya ta buɗe. Ya ce ya zo gaishe da babban ɗan wasa ne, kuma yana tambaya ko lambar gidan ma za a sa a fim na gaba don a rage wa ɓarayi wahala. Mahaifiyarka ta ajiye cokali, ta yi mini irin kallon da faɗa ya fi shi sauƙi. Sai da Goga ya zauna ya cinye rabin abincina sannan ya daina dariya, ya ce shi da wasa ya zo, amma ba shi kaɗai ya iya karanta haƙora ba. Kafin rana ta faɗi mun cire kubar mun sa sabuwa, ni da shi. Saboda haka makullin da ke hannunka ya daina aiki. Ga sabo nan na naɗe a ƙyalle cikin ambulan, ka duba kada ya faɗi.

Washegari ka kira. Bayan ka ajiye waya Takwara ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, ta fito ta ce za ta je ta janye aikin, tun da Babanta ya ce a goge. Saura kwana huɗu a miƙa. Na ce mata na wayoyi za mu bi mu goge iyakar iyawarmu, kuma mun bi, amma aikin makaranta ni na ce ta miƙa, a gidana take, ni zan yi maka bayani. Idan akwai saɓa maka a nan, a kaina yake. Sai dai ta ce ba za ta miƙa da makullin gaske a ciki ba ko da an canza kuba, dole a sake ɗaukar daƙiƙa huɗun nan. Goga ya kawo shawara a yanka makullai biyu da ba sa buɗe komai a duniya, muka zauna muka tsara haƙoran da babu kubar da za ta karɓe su, muka goge kan ɗaya da yashi da mai har ya yi kamar ya shekara ashirin a aljihu. Na zaci aikin minti biyar ne. Ashe sai an jira rana ta kai daidai inda take a ɗaukar farko, sai na sa rigar ranar, wadda mahaifiyarka ta riga ta jiƙa don wanki. Ga shi kuma na yanke a babban yatsa wurin canza kuba, kuma ba zai yiwu tsoho ya sa hannu a aljihu lafiya ya fito da shi da rauni ba. Haka ta sa na koyi riƙe makulli da yatsan a ɓoye, kamar mai jin kunyarsa.

Tare da tallan, kowane ɗalibi sai ya miƙa abin da suke kira rubutun waiwaye, inda zai faɗi yadda ya yi aikin, abin da ya yi daidai da inda ya kuskure. Wannan ma ya ba ni mamaki. A ajin yamma, in na yi kuskure yage shafin nake yi kafin malama ta zo da jan bironta. Su kuwa a kan lissafa kuskuren ake ba su maki. Shafi bakwai ta rubuta, ta ba ni na karanta da kaina, yamma uku ina bi a hankali. Ta faɗi dalilin da ya sa ta cire murya, da yadda ta gane ƙarar makulli a kan tebur ta fi kiɗa tsoratarwa, da yadda ta ɓata rabin yini tana neman fuska daga wurina alhali jira ya kamata ta yi. Sannan ta zo kan makulli. Ta rubuta cewa ta yi makonni tana koyon ɓoye wa mai kallo labari, ta manta ta tambayi kanta me hotonta ke bayyana wa wanda ya san sana'ar. Ta ce daga yau duk abin da za ta matso da kyamara kansa, sai ta fara tambayar mai shi da masu irin aikinsa abin da su suke gani wanda ita ba ta gani. Sunana bai fito a wurin laifi ba ko sau ɗaya. Na ce mata wannan ba gaskiya ba ce, ni na ciro makullin, ni na nace, ta gyara. Ta ƙi. Ta ce ita ce a bayan kyamara, ita ta danna, kuma wanda ya shirya fim ba ya ɓuya a bayan ɗan wasansa, ko da kakansa ne. Mun yi gardama sosai a kan wannan, ban ci nasara ba. Na dube ta ranar, na ga ba yarinyar da ka kawo mana da jakar makaranta ba ce.

Ranar Talatar da ta wuce aka nuna aikin ɗalibai duka, su talatin da ɗaya, a babban ɗakin sashensu. Malaminsu ya aiko musamman a zo da ni da Goga. Na ga tallace-tallace iri-iri, wasu da gudu da ihu, wasu na kasa gane inda suka dosa. Da aka zo kan na Takwara, allo ya yi baƙi, sai wata daga baya ta ce to wa ya kawo? Dariya ta tashi, aka yi ta tafi. Malamin ya karanta wa ajin shafin makulli daga rubutunta, ya ce shekara goma sha biyu yana koyarwa ba a taɓa kawo masa wannan darasi ba, kuma ba daga littafi zai samo shi ba. Ya sa Goga ya fito gaban allo ya nuna yadda ake karanta haƙora daga hoto. Goga ya yi bayani kamar an haife shi a aji, ya kuma tabbatar kowa ya san wanda ya yi sakacin, har ya nuna ni da yatsa. Ban ji haushi ba, don ina can ina share ido. A ƙarshe aka ce daga cikin talatin da ɗaya an zaɓi uku da za a mayar da su fim na gaske, na minti ashirin, a dogon hutu mai zuwa, da kayan makaranta da malamai a tsaye. Na 'yarka ne na farko da aka kira. Injiniya, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Mahaifiyarka ta ce da na dawo gida sau uku na ba ta labarin, kowanne daga farko.

To ga inda maganar ta tsaya. Sunanka ne a takardun makaranta a matsayin uba, kuma ba za su bar ta ta zauna hutu tana wannan aiki ba sai da sa hannunka. Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, ana so ta dawo kafin ƙarshen wata mai kamawa, in ba haka ba su ba na huɗu. Na san abin da ya fi ƙona maka rai ba kuba ba ce. Ka ce an mai da ubanka abin kallo. Ina tabbatar maka ba wanda ya raina ni. Mutane suna zuwa shago su tsaya suna kallon yadda nake aiki, abin da ba wanda ya taɓa yi a shekara arba'in. Haɗarin da aka shiga kuwa na gaske ne, ban rage shi ba, amma ka ga daga hannun wa ya fito. In akwai wanda ya kamata a cire daga sana'arsa a kan wannan magana, to mai yankan makulli ne, ba mai kyamara ba. Ita ta yi kuskure ɗaya, ta gyara shi cikin kwana huɗu, ta rubuta shi da hannunta a inda kowa zai gani. Ban san me kake nema a wurin ma'aikatanka da ya wuce wannan ba.

Takwara ba ta san na rubuta duk wannan ba, ta dai san zan aiko da takardar. Ta ce in ka ƙi, za ta haɗa kayanta ta zo kamar yadda ka ce, ba za ta ƙara magana ba, kuma na san za ta yi. Ko layi ɗaya na labarin fim ɗin ta ƙi rubutawa, ta ce ba za ta fara abin da Babanta bai sa wa albarka ba. Nan kuwa gida ya rabu kan wanda ya kawo makullin. Mahaifiyarka ta ce tabbas wani ɗa ne na tsohon da ya bar gida tun da daɗewa ya dawo, yana jin nauyin shiga. Goga ya ce wanda ya sayar wa tsohon da gidan ne, bai taɓa ba da makullai duka ba. Mai aski, da mutane suka dame shi da tambayar me yake yi da makullin gidana, ya ce shi kansa yana so a gaya masa ko shi mugu ne ko mutumin kirki, don ya san irin fuskar da zai riƙa yi a unguwa. Ni ina da zato uku, kullum suna canzawa. Na lallaɓa Takwara ta faɗa mini, na yi mata alkawarin ba zan gaya wa kowa ba, ta ce ai ta ga yadda na riƙe amanar tallan da ta sa mini a waya, kuma ko ita ba za ta sani ba sai ta zauna rubutawa. Ka ga ke nan amsar ba ta hannunta, tana bakin alƙalaminka. Shekarata saba'in da uku, ɗana. Kada ka bar ni in tafi ban san wanda ya kawo makullin nan ba.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka ce mata ta haifi 'ya, kuma ta karanta wannan takarda ita ma. Ka shafa mini kan 'yan biyu, ka ce wa Ƙaramin Likita na ji ya daina tsoron allura, na yaba. Auta da mijinta suna gaishe ku, haka kawunka na bayan asibiti da iyalinsa. Goga ya ce a gaishe da Injiniya, wai ka kwantar da hankalinka, sabuwar kubar shi ya zaɓa ba ni ba. Mahaifiyarka tana sa muku albarka, ta kuma ce in rubuta maka cewa biro baƙi ake so, a layi na ƙasa, kusa da kwanan wata.

Allah ya yi maka albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinka,
Mai yankan makulli